Sai da aka saurare ni na iya barin ƙwaya

Na tashi a gidan da ba a yawan magana. Mahaifina kafinta ne, mutum mai kawaici, idan abu ya dame shi sai dai ka ga ya ƙara daɗewa a wurin aiki. Tun ina ƙarami nake binsa, ina miƙa masa ƙusa, ina share garin katako, har hannuna ya iya riƙe zarto. A wurinsa na koyi sana'a, a wurinsa kuma na ɗauko cewa namiji ba ya faɗin abin da ke cin ransa. Bai taɓa gaya mini haka da baki ba, gani na yi na kwaikwaya.

Allah ya yi masa rasuwa ban daɗe da aure ba. Yayana yana aiki a nesa, don haka nauyin gida ya dawo kaina: Inna, ƙannena, matata, ga kuma ayyukan mutane da ya bari bai gama ba. Ban yi kuka ba, kuma aka yi ta yaba mini a kan haka. Na buɗe shago da wuri, na tsaya a gurbin da yake tsayawa, na ɗauki gudumarsa. Da rana lafiya lau. Da dare kuwa wani abu ne ke danne mini ƙirji, na yi ta juyi har gari ya waye.

Ana cikin haka muna aikin rufin wani gida ƙafata ta zame, na faɗo na bugu a baya. A asibiti likita ya rubuta mini tiramol, ya ce na ɗan lokaci ne kafin ciwon ya lafa. Ba na ganin laifinsa, don ciwon na gaske ne, kuma ya faɗa mini lokacin da zan daina. Abin da bai sani ba, ni ma ban gaya wa kowa ba, shi ne ƙwayar ta ɗauke mini abu biyu. Ta ɗauke ciwon bayan, ta kuma ɗauke wannan abin da ke danne mini ƙirji. Daren farko na yi barcin da rabona da irinsa tun kafin rasuwar. Da safe na ji jikina sakayau, har ina hira da yaran shago. Maganin da aka rubuta ya ƙare, bayan ya yi sauƙi, ni kuwa na je na nemo wani da kaina.

Daga nan abin ya tafi yadda yake tafiya da kowa. Abin da ke isata a da ya daina isata, na ƙara. Jiki yakan saba da irin waɗannan magunguna, sai ya nemi ƙari kafin ya ji abin da ya ji jiya. Likitoci ba sa wuce miligiram 400 na tiramol a yini ga babban mutum, ni kuwa na wuce nan da nisa ban ma san akwai iyaka ba. Wani abokin aiki ya nuna mini maganin tari mai kodin, na haɗa da shi. Daga baya na san cewa hanta tana juya wani kaso na kodin ya koma mofin, wato duk dangi ɗaya ne nake ɗura wa cikina. Aka kai lokacin da ba daɗi nake nema ba sam. Sha nake don kada jikina ya yi rawa, don in iya miƙewa in je aiki.

Kuɗin katakon mutane na fara taɓawa. In karɓi kafin alƙalami in ce gobe, goben ta zama wata guda. Matata ta fara tsintar fankon ƙwaya a aljihuna idan za ta yi wanki. Ta tambaye ni, na ce na ciwon baya ne. Ta yi kuka, ta yi fushi, ta yi rarrashi, ta kai ƙara wurin Inna. Inna ta zaunar da ni ta ce, "Ɗan nan, ka dubi girman Allah ka dubi mahaifinka da ke kwance." Na rantse mata na daina, kuma a lokacin da nake rantsuwar har zuciyata nake yi. Wannan ne abin da mutane ba sa yarda da shi. Mai shaye-shaye yakan yi alkawari da gaske, ya karya shi kafin la'asar, kuma kowace karyawa tana ƙara masa tsanar kansa, tsanar kan kuma ita ke sake kora shi wurin ƙwayar.

Wata rana ina tsaye ina goge wani katako sai kawai na farka a ƙasa, bakina da jini, yaran shago sun zagaye ni. Suka ce na faɗi ina ta jijjiga kamar mai farfaɗiya, na ciji harshena. Yawan tiramol yana jawo haka. Da labari ya kai wa Yaya sai ya zo, ya ce tunda magana ba ta yi ba, zai yi maganina. Ya kulle ni a ɗaki, ya riƙe makulli.

Ba zan iya kwatanta kwanakin nan yadda ya kamata ba. Zufa tana karyo mini ina kuma jin sanyi har ƙashi. Hamma ba iyaka, majina da hawaye suna zuba, ga gudawa, ga amai. Ƙafafuna sun ƙi tsayawa wuri ɗaya, in miƙe su in naɗe, in tashi in zauna. Ga wani irin tsoro da ban san daga ina yake ba. Ina jin muryar Inna a bakin ƙofa tana cewa, "Ka buɗe masa ko ruwa ya sha," Yaya yana cewa, "Inna ki bari, gata nake yi masa." Na san don yana ƙaunata ya yi. Amma da aka buɗe ni, jikina ya wartsake, kowa yana murna an rabu da masifa, ban kwana biyu ba na koma. An fitar da ƙwayar daga jinina, ba a taɓa dalilin da ya sa nake shanta ba. Abin da kullen ya ƙara mini shi ne iya ɓoyewa.

Ma'aikaciyar jinyar da ta duba harshena ce ta ba matata shawarar wani sashe na masu ba da shawara kan shaye-shaye. Na je ne don kawai matata ta ce in ban je ba za ta tafi da yara. Na shiga na zauna a bakin kujera, na shirya jin wa'azin da na haddace. Mai ba da shawarar dattijo ne, mai sanyin murya. Ya gaishe ni, ya tambayi sana'ata, ya saurari bayanin yadda ake haɗa ƙofa kamar abin ya dame shi. Can ya ce, "Malam, kowa ya gaya maka illar wannan abu, na san ka fi ni saninta. Ni so nake ka gaya mini amfanin da take yi maka."

Na ɗaga kai na dube shi, na zaci gatse yake yi. Ya yi shiru yana jira. Tun da na fara sha ba wanda ya taɓa tambayata haka. Na ce tana sa ni barci. Ya ce, "Barci ya yi maka wuya ke nan kafin ka fara." Na ce eh. Ya ce, "Tun yaushe?" Na buɗe baki zan ce tun faɗuwar da na yi, sai na ji na ce tun rasuwar mahaifina. Bai yi tsalle ya kama maganar ba. Ya gyaɗa kai kawai ya ce, "Allah ya ji ƙansa. Me kuma take yi maka?" Na yi ta lissafawa, shi kuma yana maimaita mini abin da na faɗa da kalmominsa, ba ƙari ba ragi. Sai da na gama tsaf ya ce, "To, akwai abin da ba ka so game da ita?" A nan bakina ya buɗe. Bashi, ƙarya, idon ɗiyata idan na shigo ina layi, yaran shago da suka ga ubangidansu a ƙasa. Duk abin da Yaya yake faɗa mini da tsawa ina musantawa, ga shi ni da kaina nake faɗa ba wanda ya matsa mini.

Kafin mu tashi ya ce in ɗauka daga sifili zuwa goma, nawa zan ba muhimmancin dainawa a wurina. Na ce huɗu, don kada ya ɗauka ya ci galaba a kaina. Na jira ya ce huɗu ta yi kaɗan. Sai ya ce, "Me ya sa ka ce huɗu, ba ka ce ɗaya ba?" Na tsinci kaina ina kare huɗun nan, ina kawo masa hujjojin da suka sa ya kamata in daina. Na fito ina mamakin abin da ya faru. Ban daina a ranar ba, amma mako na zagayowa na koma da ƙafata.

Da muka saba na tambaye shi ko halinsa ne haka ko koya aka yi masa. Ya ce koya aka yi masa, hanya ce mai tsari ta yin hira don taso da niyyar da ke cikin mutum. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, William Miller, shi ya fara rubutu a kanta a 1983, daga baya shi da Stephen Rollnick suka fitar da littafi a 1991. A wancan zamani wurare da yawa na gyaran masu shaye-shaye sun ɗauka sai an fuskanci mutum da zafi, an karya masa girman kai, kafin ya amsa laifinsa. Su kuwa suka lura cewa wanda ya kamu zuciyarsa biyu ce, ɗaya tana son dainawa ɗaya tana son ci gaba. Idan ka tsaya a ɓangaren dainawa kana jayayya da shi, sai ya koma ɗaya ɓangaren yana kare shi, kuma mutum ya fi yarda da abin da ya ji daga bakinsa. Da ya yi mini wannan bayani na tuna duk faɗan da aka yi da ni a gida, na ga yadda kowane faɗa ya ƙara mini ƙwarewa wajen kare ƙwayar. Ya kuma ce wasu masana biyu, Prochaska da DiClemente, da suka yi nazarin masu barin taba, sun nuna cewa canji mataki-mataki yake zuwa, daga wanda bai ma fara tunani ba, zuwa mai tunani, zuwa mai shiri, zuwa mai aiki. Ni a ranar farko ina matakin tunani ne, gida kuwa suna nema in yi tsalle zuwa ƙarshe.

Ranar da na ce masa na shirya, bai ce in jefar da komai ba. Ya haɗa ni da likita. Likitan ya tsara yadda za a riƙa rage mini a hankali, ya ba ni abin da zai sassauta gudawa da ciwon gaɓoɓi, yana kuma dubana a kai a kai saboda jijjigar da na taɓa yi. An sha wuya, amma ba a kwatanta ta da ta ɗakin kulle. Ina so in tsaya a nan kaɗan saboda masu ganin shan magani a hannun likita wai sauya ƙwaya ne da ƙwaya. Akwai waɗanda ake ɗora su a kan metadon ko bufurenofin na tsawon lokaci, kuma tun 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa su cikin jerin muhimman magunguna. Suna rage mutuwa, suna ba mutum damar komawa aiki da iyali. Na zauna da mutanen da ke kansu, kuma ba na ganin murmurewarsu ta gaza tawa da komai. Likita ne zai duba ya ga abin da ya dace da kowa.

Bayan jiki ya lafa ne aikin gaske ya fara, kuma wannan kashi ba shi da armashi ko kaɗan. Dattijon nan ya ba ni ƙaramin littafi ya ce duk lokacin da ƙishin ƙwayar ya taso in rubuta ƙarfe nawa ne, ina nake, da wa nake, me ya faru kafin nan, me zuciyata ta raya mini. Na ga abin kamar aikin 'yan makaranta, amma na yi. Da muka baje littafin a kan tebur sai ga abu ya fito fili. Ni da nake cewa abin yana zuwar mini ne haka kawai, ashe yana da lokutansa. Yana zuwa idan na karɓi kuɗin aiki a hannu. Yana zuwa idan mai aiki ya ɗaga mini murya a gaban yara. Yana zuwa idan na wuni ban ci komai ba. Ya fi tsanani da yamma, lokacin da yara suka watse na rage ni kaɗai ina rufe shago, wato daidai lokacin da ni da mahaifina muke zama mu lissafa aikin gobe.

A gefen kowane layi akwai maganar da zuciya ke raya mini, kuma kusan guda uku ne suke ta maimaituwa. "Ɗaya kawai, don in yi barci." "Yau na sha wahala, na cancanta." "Ai na riga na lalace." Ya ce mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya mu bincika kamar ana shari'a. Ya tambaye ni, a duk tsawon shekarun nan, sau nawa ɗayar ta tsaya a ɗaya. Na yi shiru, don amsar ba ta da daɗi. Ya sa na rubuta amsar kowace magana da hannuna a wata 'yar takarda na sa a aljihu. Wannan ita ce hanyar gyaran tunani da ɗabi'a, wadda likitan ƙwaƙwalwa Aaron Beck ya assasa a shekarun 1960 don masu ciwon damuwa, aka zo aka faɗaɗa ta zuwa shaye-shaye. Tushenta shi ne tsakanin abin da ya faru da abin da ka aikata akwai wani tunani da ke giftawa da sauri, idan ka koyi kama shi za ka iya tambayarsa hujja.

Muka canza abubuwa ƙanana. Kuɗin aiki ya koma shiga asusu kai tsaye, matata ke riƙe da katin. Na daina rufe shago ni kaɗai, babban yarona ke jirana mu fita tare. Na sauya hanyar komawa gida don kada in bi ta inda nake saye. Na goge lambobi daga wayata. Har gwaji muka yi a ofishinsa, shi ya zama tsohon abokina yana miƙo mini, yana cewa, "Haba, kai da ka warke, ɗaya me za ta yi maka?" Karon farko na yi ta kame-kame ina ba da uzuri. Ya ce uzuri ƙofa ce, duk wanda ka ba uzuri zai kawo maka amsarsa. Muka yi ta maimaitawa har na iya duban idonsa in ce, "Na daina, kada ka sake yi mini tayi," in juya in tafi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda ya koya mini zama da ƙishin. A da na ɗauka idan ya taso zai yi ta ƙaruwa ne har sai na sha ko na haukace. Ya ce in gwada, in zauna in lura da shi, ina yake a jikina, ƙirji ne ko maƙogwaro, in yi numfashi a hankali, kada in yi kokawa da shi kuma kada in bi shi. Ranar da na fara gwadawa ina zaune a kan bencin aiki, hannuna na rawa, na riƙe gefen bencin gam. Yawu ya cika mini baki, zuciya na bugawa. Abin ya yi ta hawa har na ce ba zan iya ba, sai kuma ya tsaya, ya fara sauka da kansa kamar hadarin da ya haɗu ya yi baƙi sannan iska ta watsa shi. Na duba agogo, bai kai rabin awa ba. Daga ranar tsoronsa ya ragu a raina, ko da yake ya ci gaba da zuwa.

Matata ma ta riƙa ganinsa, wani lokaci ita kaɗai, wani lokaci tare. Ta gaya mini daga baya cewa ranar farko kuka kawai ta yi, ya bar ta ta yi. Ya koya mata wata hanya ta iyalai da ake kira CRAFT, wadda Robert Meyers da abokan aikinsa suka tsara. Ta daina binciken aljihuna, ta daina yi mini magana idan ta ga ba na cikin hayyacina, ta kuma daina rufa mini asiri wurin masu bina bashi. Idan na dawo garau sai ta zauna mu yi hira, ta nuna mini ta lura. Wata rana ta ce, "Abban yara, yau da ka dawo da wuri yaran nan sun ji daɗi, ni ma haka." Maganar ba ta da tsawo, amma na kwana ina juya ta. Ya kuma ce mata ta kula da kanta, ta koma ziyartar 'yan'uwanta, don rayuwarta ta daɗe da tsayawa a kan gadina.

Ya tura ni zaman ƙungiya, inda masu irin matsalata ke haɗuwa. Irin wannan zama ya samo asali ne daga ƙungiyar mashaya giya da aka kafa a Amurka a 1935, sannan ta masu shan ƙwayoyi ta biyo baya a 1953. Da farko na ƙi jinin zaman, ina ganin ni mai sana'a ne da iyali, ba irinsu ba ne. Sai wani ya tashi ya ba da labarin yadda yake ɓoye ƙwaya a cikin safa, na ji kamar a gidana ya kwana. Ba kowa zaman ƙungiya ke karɓa ba, na ga waɗanda suka murmure ba tare da shi ba. Ni dai ya rage mini kunya, ya kuma ba ni mutanen da zan iya kira da tsakar dare.

Na yi watanni garau, sannan na zame. Wani mai aiki ya zo ya ci mini mutunci a kan tsohon bashi, ya kira ni ɗan ƙwaya a gaban jama'a. A ranar ban ci abinci ba, yaron da ke jirana kuma bai zo ba. Na bi tsohuwar hanya. Da na farka washegari abin da ya fara zuwa raina shi ne shi ke nan, duk wahalar ta tashi a banza, gara in ci gaba. Takardar aljihuna ce ta sa na kira dattijon. Na ce, "Malam, na ɓata komai." Ya ce, "Alhamdu lillahi da ka kira. Nawa ka sha, kuma kana tare da wani yanzu?" Lafiyata ya fara tambaya. Ya gargaɗe ni da kakkausar murya, karon farko da na ji ya yi haka, cewa bayan mutum ya daina na wani lokaci jikinsa ya manta sabon da ya yi, adadin da yake sha a da zai iya tsayar masa da numfashi. Ya ce akwai maganin gaggawa mai suna nalokson da ke farfaɗo da wanda irin waɗannan ƙwayoyi suka danne wa numfashi, ya kamata iyalai su san da shi. Ba tsoratarwa yake yi ba. Wani matashi da muke zama tare a ƙungiya haka ya rasu, bayan ya daɗe bai sha ba, kuma har yau idan na tuna dariyarsa sai raina ya ɓaci.

Da na je muka zauna muka bi ranar daki-daki, tun daga safe, muka ga wurare da dama da zan iya juyawa. Ya ce Alan Marlatt, wanda ya yi fice a nazarin hana komawa ruwa, ya bambanta zamewa sau ɗaya da komawa gaba ɗaya, kuma abin da ke mai da ta farko ta zama ta biyu sau da yawa shi ne wannan tunanin na "ai na riga na ɓata". Ya ce cibiyar binciken shaye-shaye ta Amurka ta ƙiyasta cewa kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na masu jinya sukan koma, kusan daidai da yadda ciwon hawan jini ko asma ke dawowa, kuma ba wanda ke korar mai hawan jini daga asibiti don jininsa ya sake hawa, gyara masa magani ake yi. Na gaya wa matata da bakina a daren. Ta yi shiru mai tsawo, sannan ta ce, "Yaushe za ka koma wurinsa?"

Bayan wannan ne muka taɓa maganar mahaifina sosai. Ya daɗe yana sane da ita, bai matsa ba sai da ya ga ƙafata ta tsaya. Ya ce in ba shi labarinsa. Na fara da yadda yake saƙala fensir a bayan kunne, da yadda yake shafa katako da tafin hannu kafin ya yanka. Ban kai ko'ina ba kuka ya ƙwace mini, irin wanda ban yi ba a ranar rasuwar. Na gaya masa ina jin haushin an bar mini kaya ban shirya ba, ina kuma jin kunyar wannan haushin. Ya ce duka biyun suna iya zama a zuciyar ɗa mai ƙaunar ubansa. Mun yi zama da yawa a kan wannan. Barcina bai dawo a dare ɗaya ba, amma a hankali ya dawo.

Yanzu shekaru sun shuɗe ban sha ba. Bayan yana motsa mini idan na daɗe a sunkuye, ina yin motsa jikin da aka koya mini, kuma duk likitan da na je wurinsa nakan fara gaya masa tarihina kafin ya ɗauki biro. Ƙishin yakan leƙo jefi-jefi, musamman idan na gaji ko raina ya ɓaci. Ina zuwa ƙungiya, ina kuma leƙa dattijon nan idan na ji abubuwa sun fara cunkushewa. Idan iyaye suka zo mini da maganar ɗansu, abin da nake fara roƙonsu shi ne kada su kulle shi, kada su sa shi ya yanke sha lokaci ɗaya ba tare da likita ba, su nemi wanda ya koyi wannan aiki, su ma su je a saurare su.

Ni da Yaya mun daɗe ba ma sakin jiki da juna. Kwanaki ya ce mini, "Da ban kulle ka ba da yanzu ba ka raye." Ban yi musu da shi ba, na dai ce masa na san tsoro ne ya sa shi, na kuma gaya masa yadda kwanakin suka kasance daga cikin ɗakin. Bai ce komai ba, amma ya fara kirana a waya. Bashin mutane na biya mafi yawansa, saura na mutum biyu. Katin asusu har yanzu yana hannun matata, mun yi da ita za mu sake duba maganar idan na gama biyansu.